Yadda Nasidi Maɗinki Ya Riga Ni Ganin Teku

Nasidi maɗinki na unguwar Kwarbai ya rasu ranar Laraba, sha huɗu ga watan Agusta, 1996, yana da shekara saba'in da ɗaya. Bai riƙe sarauta ba, ba a kuma faɗi rasuwarsa a rediyo ba. Da aka tayar da sallar jana'iza na koma gefe, gindin wani rimi, inda Kirista kan tsaya idan ana sallamar ɗan'uwansa Musulmi. Ina tsaye ina hawaye, sai na kama kaina ina ƙirga sahu. Sha tara. Na san ranar tawa ba za a cika rabin haka ba.

Taubashina ne. Mahaifina ɗan Kwarbai ne, ya shiga makarantar mishan tun tana cikin birni, ya bi ta da ta koma Wusasa, a can na tashi. Ƙanwarsa, Goggo Uwa, ta zauna a cikin ganuwa, ta yi aure, ta haifi Nasidi wata tara kafin a haife ni. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma bai taɓa kirana da sunan yanka ba. Bahago yake ce mini, don da hagu nake rubutu.

Yana da shekara tara aka ba shi allurar ɗinki, bai ajiye ta ba sai da ya kwanta ciwon ajali. Manyan riguna yake yi wa aiki. Riga mai aska takwas takan ci masa wata biyar. Sauran maɗinka sai an zana musu aikin da tawada a jikin yadi suke bi, shi kuwa zanen a kansa yake. Yana da shekara sittin yana zura zare a allura ba tabarau, ni kuwa tun ina da arba'in nake maƙale da nawa. Allah ya ba shi 'ya'ya bakwai, da mace mai haƙuri, Sailuba, da zaure wanda ba ya rabuwa da mutane. Ni 'ya'yana mata biyu ne, aure ya kai ɗaya Jos, ɗaya Legas. Maiɗakina Jummai ta rasu a 1981, gidana ya yi tsit, sai agogon bango.

Abu ɗaya na fi shi, shi ne duniya. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da labarin ƙasa. Kowace Asabar bayan la'asar nakan hau kekena daga Wusasa, in shiga ta Ƙofar Kuyambana, in jingine shi a ƙofar gidansa. Mutum shida ko bakwai na tarar a zauren, maƙwabta da abokan sana'a. Bai ɗago daga ɗinkinsa ba zai ce, “Ga Bahago nan. Yau ina za ka kai mu?” Sai in kai su. In kai su ƙasar da rana ba ta faɗuwa wata biyu, in kai su inda dutse ke aman wuta. Wurin da na fi kai su shi ne Bahar Rum. Wata baturiya da ta koyar da mu a aji huɗu ta rataye hoton bakin tekun Iskandariya a bangon ajinmu, ta ce wannan ruwan Manzo Bulus ya ratsa. Tun ranar tekun ya shiga raina. Na zana shi a allo ya fi sau dubu, ina iya zana shi idona a rufe. A wannan tabarmar ta Asabar ni ake saurare. A duk faɗin Zariya nan ne kawai.

Wata Asabar a watan Satumba na 1988, ban gama jingine keke ba ya ƙwala mini kira.

“Bahago, sauko daga dokin ƙarfenka ka sha labari. Bawanka zai hau sama.”

“Wane sama? Soron gidanku ma ba ka iya hawa.”

“Misra za ni.”

Babban ɗansa Bala akawu ne a wani kamfanin jirgin sama a Kano. Ya cika shekara goma a aiki, kamfanin ya ba shi tikitin zuwa da dawowa na ɗaya daga cikin iyayensa. Sailuba ta ce ita ba ta hawa abin da ba shi da birki. Shi ke nan ya faɗa kan Nasidi. Bala ya riga ya yi masa fasfo da biza.

“Kwana bakwai ne, Talata zuwa Talata,” in ji Nasidi. “Ina so in ga masallacin Azahar, in ga kogin da aka saka Annabi Musa. Tikiti kyauta ne, amma aljihuna ka san shi, ado ya yi masa yawa, abin ciki ya yi masa kaɗan. Kai ka san hanya. Ka tsara mini yadda zan je in dawo ban yi bara ba.”

Mutanen zaure suna ta “Ma sha Allahu.” Ni ma na faɗa. Amma bakina ɗaci yake har na isa gida.

Abin da bai sani ba, tsarin nan yana cikin akwatina tun 1961. Na yi wa kaina shi, nakan gyara shi duk lokacin da na sami sabon labari daga malaman Misra da ke koyarwa a makarantunmu. Na ce idan na yi ritaya zan je. Na yi ritaya, naira ta faɗi, fansho ya koma kuɗin cefane. Yanzu ga mutumin da bai san gabas daga yamma a taswira ba za a ɗauke shi kyauta.

Duk da haka na yi masa aiki na tsakani da Allah, ban da wuri ɗaya. Na rubuta masa takarda shafi huɗu, da boko domin wanda zai tambaya a hanya, na kuma karanta masa ya juya da ajami. Ya sauka a ƙananan masaukai da ke bayan masallacin Azahar, inda ake haɗa mutum huɗu a ɗaki. Kada ya shiga tasi, ya bi bas. Ya ci wake da gurasa inda ya ga leburori na ci, don inda lebura ke ci ba a cutar baƙo. Laraba Azahar da kasuwa. Alhamis dalar Fir'auna da sassafe, kuma ko an roƙe shi kada ya hau raƙumi, hawan kyauta ne, saukar ce da tsada. Juma'a masallaci. Asabar kogin Nil, a jirgin fiton da talakawa ke shiga. Lahadi gidan kayan tarihi. Litinin tsaraba.

A tsarina na cikin akwati, Asabar da Lahadi na Iskandariya ne. Na cire su.

Ya saurara har na gama, yana jan zare. Sai ya ce, “To ina tekun naka? Shekara nawa kana jiƙa mu da shi a zauren nan.”

“Da nisa,” na ce. “Ƙarshen ƙasar ne. Kwana bakwai ba za su isa ba, ga tsadar hanya.”

“Kai ka sani,” ya ce, ya ci gaba da ɗinki.

Awa uku ce a jirgin ƙasa daga Alƙahira, kuma kuɗin aji na uku bai kai na kwanon abinci biyu ba. Na san haka kamar yadda na san sunana. Na yarda ya ga Azahar, ba tawa ba ce. Na yarda ya ga dala. Amma idan ya ga tekun, me ya rage da zan faɗa a zauren nan?

Kafin mako ya zagayo labari ya gama birni, sai saƙo ya fara shigowa. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya san matafiyi ba ya ƙin saƙo. A lokacin akwai 'ya'yan Zariya da dama da ke karatu a Misra, kowanne kuma yana da uwa. Wannan ta aiko da kuka, waccan da daddawa, wata busasshiyar kuɓewa, wata yaji da kilishi. Nasidi ya ɗinke kowane ƙulli a cikin ƙyalle, ya yi masa alama da zare, ja na gidan liman, kore na gidan ma'aji, don kada su cakuɗe. Da na zo Asabar ta ƙarshe na tarar da ƙulli goma, zauren duk warin daddawa.

“Kilo ashirin aka yarda maka,” na ce. “Kuma a takardata babu ranar rabon daddawa.”

“Sai in rage riguna. Biyu sun isa, ina wanke ɗaya ina sanye da ɗaya.”

“Yawon buɗe ido za ka ko aikin gidan waya?”

“Bahago, in ce wa uwar yaro jakata ta cika? Da wane bakin?”

Muna cikin haka wata tsohuwa ta yi sallama daga ƙofa, ta durƙusa a waje. Kulu ce, mai sayar da koko a bakin masallacin unguwa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta guda, Idi, ya tafi karatu shekara biyar da suka wuce. Shekara biyu ke nan ba wasiƙa. Ta miƙo ɗan ƙulli wanda bai fi dunƙulen hannu biyu ba.

“Dakuwa ce, Malam. Yana sonta tun yana ƙarami.”

“Iya Kulu, ina adireshinsa?” na tambaya.

“Idi ne. Na Zariya. Duk wanda ya gan shi zai gane shi, yana da tsage a nan.” Ta nuna kuncinta.

“Iya, mutanen Misra sun fi miliyan hamsin.”

Nasidi ya harare ni, ya karɓa da hannu biyu. “Zai ci ta, in Allah ya yarda,” ya ce. Ya yi wa ƙullin alama da baƙin zare.

Ya tashi ranar Talata, sha ɗaya ga Oktoba. A makon nan kullum da safe nakan buɗe kwafin takardar in ce yau yana wuri kaza. Ranar Asabar na ce yana kan Nil, na ji sanyi a raina, Allah ya gafarta mini.

Ya dawo Talata ta sama. Ban iya jira Asabar ba, Laraba da yamma ina Kwarbai. Zauren ya cika har waje, sai da aka matsa mini. Yana zaune a wurinsa, ya ɗan rame, yana raba dabino.

“Ga mai takarda!” ya ce. “Bahago, yaran can sun karanta takardarka sun ce wanda ya rubuta wannan ya fi su sanin bas ɗin Alƙahira.”

“Ka sami masaukin da na ce?”

“Ban kai gare shi ba.”

Ga yadda aka yi. Daga filin jirgi ya nufi masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ƙullin gidan liman. Yaron ya kwance ƙyalle, ya shaƙi kuka, ya fashe da kuka shi ma. Kafin magariba duk ɗan Zariya da ke wurin ya hallara. Aka ɗora tukunya. Wa zai bar wanda ya kawo saƙon uwarsa ya kwana a gidan haya? Har gardama suka riƙa yi a kan wanda zai ba shi gado. Kowane ƙulli ya zama masauki da abinci da ɗan rakiya. Kwana bakwai bai biya kuɗin kwana ko sau ɗaya ba. Ni na yi shekara ashirin da bakwai ina neman hanya mai rahusa a cikin littattafai, ban taɓa tunanin daddawa ba.

Zuwa ranar Juma'a ƙulli goma sun isa hannun masu su. Ya ga Azahar, ya yi salla a ciki, ya sa hannu a ruwan Nil. Saura mai baƙin zare. Ɗaliban suka yi ta kallon juna. Daga baya wani ya ce Idi ya bar karatu tuntuni, an ce yana Ɗanɗa, wani gari a kan hanyar arewa. Suka ce ya bar dakuwar, za su ba shi idan ya ɓullo.

“Na ce a'a. Hannunsa aka ce, ba hannunku ba.”

“To dala fa?” na tambaya. “Alhamis na rubuta maka.”

“Alhamis ina rabo. Na ce sai Asabar. Asabar kuma ina jirgin ƙasa. Na hango wani abu mai tsini daga nesa, wataƙila ita ce.”

Zaure ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don na san layin dogon nan, na san inda yake ƙarewa.

A Ɗanɗa wani mai sayar da turare, wanda kakansa Bakano ne da ya maƙale a hanyar Makka, ya sauke shi. Ya ce ya san yaron, amma ya wuce gaba, yana aiki a wani shagon suyar kifi a Iskandariya. Ranar Lahadi da hantsi Nasidi ya sauka a Iskandariya da jaka ɗaya da ƙulli ɗaya. Larabcinsa na littafi ne, mutanen kasuwa dariya suke yi masa. Sai ya bi shagunan kifi ɗaya bayan ɗaya, yana nuna kuncinsa yana cewa Idi. A shago na sha huɗu ya same shi yana fere kifi. Yaron ya ga babbar riga da hula irin ta gida, ya nemi ƙofar baya.

“Na ce, kai, dawo nan, ba kama ka na zo yi ba. Uwarka ta ce ka ci wannan.”

Jarrabawa ce ta kayar da shi sau biyu, tallafin karatu ya tsaya, kunya ta hana shi rubuta wasiƙa. Nasidi bai yi masa faɗa ba. Ya ja shi suka zauna a kan wani dogon gini da aka yi a bakin ruwa, ya sa shi ya cinye dakuwar a gabansa, sannan ya sayo takarda da biro ya ce ba za su tashi ba sai ya rubuta wa uwarsa gaskiya. Yaron yana rubutu yana yagewa. Daga azahar har la'asar ta yi sanyi.

“Ni kuwa ba ni da aikin yi,” in ji Nasidi, “sai na kalli ruwa.”

Wani maƙwabci ya ce, “Yaya yake, Malam?”

Shekara da shekaru idan aka yi wannan tambaya a zauren nan ni ake kallo. Ranar babu wanda ya waiwaye ni.

“Kun san yadi idan an tsamo shi daga karofin rini, kafin ya bushe? Can nesa haka yake. Kusa kuma kore ne. Bakinsa fari, kamar an bi shi da farin zare, amma da an gama sai a warware a sake. Kuma yana da ƙara, da wari kamar na kanwa.” Sai ya juyo gare ni. “Ba ya tsayawa, Bahago. Ba ka taɓa gaya mana ba ya tsayawa ba.”

Ban sani ba ne. Wato na sani a rubuce.

Da aka kira magariba mutane suka tashi alwala. Na miƙe zan ɗauki keke, ya riƙe mini bakin riga, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

“Awa uku ce daga Alƙahira. Da na dawo na duba agogo.”

Na ja rigata, bai saki ba.

“Kai da ka san tsawon kowane kogi, awa uku ta ɓace maka?”

“Ba ta ɓace ba,” na ce.

Ya dube ni, ya saki rigar. “To,” ya ce. Ya ɗauki butarsa.

Asabar bakwai ban shiga birni ba. Na ce wa kaina ciwon gwiwa ne. Labari yana iso ni har Wusasa: Kulu ta sa an karanta mata wasiƙar sau uku, ta yi sadakar koko. Zauren Nasidi ya ƙara cika, har daga Tudun Wada ana zuwa jin labarin Misra. A coci ma wani ya tare ni ya ce, “Ashe ɗan'uwanka ya ga Bahar Rum?”

A Asabar ta takwas na ji sallama a ƙofata. Nasidi ne, a ƙasa ya tako, ƙafarsa duk ƙura. Rabonsa da gidana tun rasuwar Jummai. Ya zauna a kujera kamar wanda ke tsoron ta karye, ya sha ruwa.

“Na je Kano wurin Bala,” ya ce. “Na ce ya nema maka irin tikitin nan. Na ce ai kai ma uba ne. Ya shiga ofishin manyansu har sau biyu. Sun ce su a takardarsu akwai uwa, akwai uba, babu taubashi.”

“Wa ya aike ka?”

“Bawa na gari yana jira sai an aike shi? Tashi ka ɗauko dokin ƙarfenka. Mutane suna tambayata zurfin ruwan nan, ni kuwa ban shiga ba.”

Na bi shi. Ina tura keke, yana tafe a gefena, har Kwarbai.

Shekara takwas ya ƙara a duniya. Bai taɓa gaya wa kowa abin da na yi ba, ko Sailuba. Na tabbata, don da ta sani da na gani a gaisuwarta. Duk lokacin da aka tambaye shi teku a gabana sai ya ce, “Ku tambayi Bahago. Ni bakinsa kawai na gani, shi ya san cikinsa.” Sai in gyara zama in faɗi tsawo da faɗi da zurfi, da sunayen tsibirai, da ƙasashen da ke kewaye. Mutane su saurara cikin ladabi. Shi kuma yana sunkuye yana ɗinki, wani lokaci allurar takan tsaya a hannunsa, idonsa a kan yadi amma ba yadin yake kallo ba. Na san inda ya tafi.

Wurin zamana ya mayar mini, na kuwa san sadaka ce, na karɓa. Da ya zage ni a gaban mutane da na huta. Yanzu shekarata saba'in da ɗaya, likita ya hana ni keke, Kaduna ma sai an kai ni. Ina kewarsa kowace Asabar. Kuma har yau, idan na tuna shi zaune a kan ginin nan, ƙafafunsa na reto, daga azahar zuwa la'asar, ba abin da yake yi sai kallo, sai in ji ɗacin nan ya taso mini.